Ku Tambaya Mu Amsa: Igiyar ruwan Ngor ba ta ɗan koyo ba ce

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na sa hoton nan na tsibirin Ngor da ke Dakar a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, ga wanda bai gani ba, hoton wani saurayi ne ɗan Sanagal tsaye a kan allo, igiyar ruwa ta miƙe a bayansa ta ninka tsayinsa, ga baƙaƙen duwatsu a gefe ruwa na zuba daga kansu. Wasan hawan igiyar ruwa kenan, wanda a Turance ake ce wa safin. Na yi shekaru a Dakar kuma na shiga ruwan nan da jikina, shi ya sa na ware filin yau gaba ɗaya don tambayoyinku a kansa.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan Kano ne daga Fagge, na zo maulidin Kaulaha bara sai wani kawuna mai shago a Dakar ya riƙe ni ina taya shi. Na iya iyo sosai tun ina yaro, dam ɗin Tiga ma na sha shiga, yanzu kuma sati uku kenan ina koyon hawan allo a bakin ruwan Yof har na fara miƙewa tsaye ba na faɗuwa. Abokaina sun ce ran Lahadi mu tsallaka Ngor mu gwada ta manya. Don Allah me ka gani?

AMSA: Ƙanena, kar ka shiga. Tsibirin kam ka je, wajen mita 400 ne kawai daga bakin garin Ngor, kwalekwale zai tsallakar da kai cikin 'yan mintuna, babu mota ko ɗaya a kansa, ka ci gasasshen kifi ka zaga ta bayan gidajen ka samu dutse ka zauna ka yi kallo har rana ta faɗi, amma allonka ka bar shi a Yof. Ba wai na raina iyonka ba ne wallahi, wanda ya shiga Tiga ya fito ba rago ba ne, sai dai ruwan dam a kwance yake yana jiranka, na Ngor kuwa tafiya yake yi da ƙarfin da ya ɗauko daga nisan dubban kilomita, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ba yashi ba ne.

Bari in yi maka bayanin abin da ya sa manyan 'yan wasa suke barin Faransa da Amurka su zo wannan ɗan tsibirin, don in ka gane shi za ka gane abin da ya sa nake hana ka. Dakar tana kan wani tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin tekun Atilantika, ƙarshensa da ake kira Almadi shi ne wuri mafi nisa ta yamma a duk doron Afirka. Ƙasar wajen dutsen aman wuta ne na tun da can, tuddan nan biyu na Wakam da kake gani, ɗaya da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1864, ɗayan da ƙaton gunkin nan da aka buɗe a 2010 zamanin Abdoulaye Wade, duk ragowar aman wutan ne, kuma irin wannan baƙin dutsen ne ya shimfiɗu a ƙarƙashin ruwan Ngor. To a Yof inda kake koyo ƙasan yashi ne, yashi kuwa yau yana nan gobe ruwa ya kwashe shi ya tara a can, shi ya sa igiyar Yof take fashewa yadda ta ga dama, wani lokacin ma ta rufto gaba ɗaya lokaci guda. Dutse ba ya motsi. Igiya in ta zo ta tarar da shi a inda ta bar shi jiya da shekaran jiya, sai ta tashi a wuri ɗaya ta fara karyewa daga gefe ɗaya tana bi a hankali zuwa ɗaya gefen kamar ana yage ƙyalle, mutum ya samu doguwar hanya yana gudu a gabanta. Ta yammacin tsibirin tana karyewa zuwa hannun daman mai hawa in ya fuskanci gaɓa, ita ce wadda ta yi suna, ta gabas kuma akwai mai zuwa hagu.

Dutsen nan da ya gyara igiyar shi ne kuma yake jiranka in ka faɗo. Ƙa'idar ruwa ita ce igiya tana karyewa ne in zurfin da ke ƙarƙashinta ya kusa daidai da tsayinta, mai tsayin mita 2 za ta karye a ruwan da bai wuce mita 2 da rabi ba, kuma kafin ta karye sai ta tsotse ruwan da ke gabanta ta haɗa da jikinta, ka ga kenan inda za ka faɗa ya fi haka rashin zurfi. Ga nauyi, ruwan teku mai faɗin mita 1 tsawon mita 1 zurfin mita 1 ya haura kilo 1,000, buhun masara goma kenan, lissafa nawa ne a bakin igiyar da ta fi ka tsayi. A tsakiyar hanyar igiyar dama ɗin nan kuma akwai duwatsu biyu da 'yan wajen suke kira Mami da Papi, in ruwa ya janye sai ka ga kansu ya leƙo, kowa da ke hawa wajen ya san inda zai kauce musu tun kafin ya miƙe tsaye.

Ni ranar da na fara zuwa wani dattijo masunci ne ya hana ni shiga, ya ce in zauna kusa da shi in ƙirga. Muka zauna bayan asuba gari bai gama wayewa ba, teku shiru kamar an shimfiɗa tabarma, na ce a raina yau ai babu komai, can sai na ga wasu layuka baƙaƙe daga nesa suna tahowa a jere, ta farko ta zo ta wuce, ta biyu ta fi ta, kafin ta uku ta iso sai na ji wani sauti kamar ana zuƙe kunu a ƙwarya, ruwan da ke kan dutsen gabanmu ya janye gaba ɗaya, dutsen ya fito tsirara baƙi ƙirin cike da bushiyar teku, ƙayoyinsu na sheƙi, daƙiƙa biyu ba a yi ba igiyar ta rufe shi da ƙara har na ji a ƙirjina. Guda biyar suka zo a jere sannan teku ya sake kwanciya kusan minti goma kamar ba shi ba. Dattijon ya ce wannan kwanciyar ita ke cin baƙo, ya zo ya ga shiru ya faɗa, yana tsakiyar duwatsu manyan su iso.

Sati uku a Yof yana nufin kana miƙewa ne a kan kumfa bayan igiya ta riga ta fashe, da babban allon soso mai tsawon ƙafa 8, madalla da haka kowa ta nan ya fara. Abin da ya rage maka kafin Ngor shi ne ka iya tuƙa allo da hannu na minti ashirin ba ka tsaya ba, ka iya nutsa allo ƙarƙashin igiya ka ɓullo ta bayanta, ka iya kama igiya tun tana koriya ba ta fashe ba ka juya dama ko hagu yadda ka so, ka iya fita daga kanta da kanka kafin ta kai ka kan dutse, sannan in igiyar talalar da ke ɗaure da ƙafarka ta tsinke allo ya tafi ka iya dawowa gaɓa da iyo ba tare da ka firgita ba. Wannan aikin shekara ne ko biyu ga mai shiga kullum. Daga Yof ka matsa bakin ruwan Biraj, daga nan ranar da ruwa ya yi ƙanƙanta ka sa wani ɗan gari ya raka ka ƙaramin wuri mai dutse ta ɓangaren Almadi. Abokanka in sun matsa ka ce musu yayanka na mujalla ya hana, kawunka kuma amana aka ba shi, ka tuna da wannan.

TAMBAYA: Yallaɓai barka da aiki. Ni haifaffen Agege ne a Legas, iyayena 'yan Katsina, shekara biyar ina hawa a Tarkwa Bay kuma na je Busua a Ghana sau biyu. Ina tara kuɗi in je Dakar. Wane wata ya fi, wace iska, wane allo zan ɗauka, kuma gaskiya ne wai Wakam ta fi Ngor?

AMSA: Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, kai kam maganarmu daban ce, wanda ya saba da igiyar Tarkwa da ke dukan duwatsun shingen tashar jiragen ruwa ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta ta yi tsini ya san saurin miƙewa. Amma ka sani Tarkwa da Busua duk a kan yashi kake faɗuwa, kuma ruwansu ɗumi ne shekara duka, abubuwa biyun nan za su canza maka a Dakar.

Ngor arewa take kallo. Abincinta guguwar hunturu ce ta arewacin Atilantika, can tsakanin Kanada da Ayislan da Ingila, iska ta yi kwanaki tana dukan teku igiyoyin su taho kudu su wuce Fotugal da Maroko su iso Sanagal bayan wasu kwanaki sun tace sun jeru. Don haka lokacinta daga Nuwamba ne zuwa Maris, wato daidai lokacin da muke fama da hazo da sanyi a arewa. In kana duba hasashen teku a waya kar tsayin igiya kaɗai ya ɗauke maka hankali, ka duba tazarar daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da igiya, nan maganar take. Mai tazarar daƙiƙa 7 iskar kusa ce ta tayar da ita, tsakanin kanta da kan ta bayanta bai wuce mita 76 ba a cikin zurfi, ba ta da wani ƙarfi kuma a hargitse take zuwa. Mai daƙiƙa 14 kuwa tsawonta ya haura mita 300, tana jin ƙasan teku tun daga nesa, in ta hau dutsen Ngor sai ta tashi ta fi abin da wayar ta rubuta nesa ba kusa ba. Mita 1 da rabi a daƙiƙa 14 ta ishe ka ranar farko, kar ka raina ta.

Matsalar lokacin ita ce iska, don a waɗannan watannin iskar arewa da arewa maso gabas ce take kaɗawa a Dakar kusan kullum, kuma tunda Ngor arewa take kallo iskar tana zuwa ne daga bayan igiyar ta danne ta ta yamutsa fuskarta. Maganinsa sammako, ka yi asuba ka shiga ruwa da fitowar rana kafin iska ta tashi, zuwa hantsi yawanci an gama cin kasuwar. Amma ga daɗin Dakar da babu irinsa a gabar Afirka ta Yamma, tsinin ƙasar siriri ne, in iska ta ɓata arewa sai ka ɗau tasi minti kaɗan ka koma ɓangaren kudu, wajen Almadi inda ake da wuraren hawa irin su Sikret da Bibiye da sauransu, a can wannan iskar dai daga tudu take fitowa tana dukan fuskar igiyar tana riƙe ta a tsaye sumul. In igiyar arewa ta yi girma sosai tana zagayo tsinin ta shigo musu, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba kuma igiyar kudancin Atilantika ce ke ciyar da su, irin wadda ka saba da ita a Legas.

Wakam kuwa, e, ranar da ta tashi babu kamarta a ƙasar. Tana cikin wani lungu ne ƙarƙashin tuddan nan biyu, daidai gaban masallacin nan mai hasumiya biyu da ke bakin ruwa inda masunta ke jan kwalekwalensu, igiyar tana tashi tsaye ta naɗe ta yi kogo mutum ya shige ciki ya fito ta ɗaya bakin. Sai dai ba kullum take tashi ba, lungun a ɓoye yake sai babbar igiya ce ke isa cikinsa, kana iya yin sati biyu a gari ba ka gan ta ba, ranar da ta tashi kuma duk gwanayen Dakar suna can kafin kai, ruwan ba zurfi ga bushiya kamar an shuka. Ni shawarata ka gina tafiyarka a kan Ngor wadda kusan kullum tana da abin hawa a lokacinta, Wakam in Allah ya kawo ta kana nan to alhamdu lillahi, ka fara da kallo daga kan tudu.

Maganar cika da janyewar teku, kai da kake bin kwanan wata na Musulunci ka riga ka samu rabin ilimin. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti 50. A farkon wata da kuma ranakun 14 da 15 cikar tana kai maƙura janyewar ma haka, a ranakun 7 da 22 kuwa bambancin kaɗan ne. A Dakar bambancin bai fi mita 1 da wani abu ba, ba shi da yawa in ka kwatanta da Faransa, amma a kan dutse rabin mita shi ne tsakanin ka wuce lafiya da ka bar fatar bayanka a wajen. Kwanakinka na farko ka shiga ruwa yana rabin cika yana hawa.

Allo ka zo da biyu in da hali, naka na kullum da wani da ya fi shi tsawo da inci 4 zuwa 6 don ranar da ta girma, saboda igiyar Ngor tana da kauri, ruwa mai yawa take turowa, gajeren allo ba ya shiga da wuri. Igiyar talala sabuwa mai kauri, da ta ajiya. Sai abin da 'yan Legas ke mantawa, sanyi. Daga Janairu zuwa Afrilu ruwan Dakar yana sauka har wajen digiri 18 zuwa 20 saboda ruwan sanyin da ke gangarowa daga wajen tsibiran Kanari da wanda iska ke tasowa daga ƙasan teku, dole sai da rigar roba mai kaurin milimita 3, alhali a watan Satumba yana kaiwa 28 gajeren wando ma ya isa. Takalmin roba kuma kar ka ji kunyar sa shi ko ka ga yaran Ngor suna taka dutse da tafin ƙafa, su a kai aka haife su. Fasfonka na ECOWAS ya ishe ka shiga, filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a Disamba 2017 yana wajen gari da nisa, ka yi cinikin mota mai ɗaukar jakar allo tun kafin ka fito.

Abu na ƙarshe kuma ya fi duk waɗannan, da ɗan gari kan ci gari. Ngor garin Lebu ne, masunta ne kaka da kakanni, su ne mutanen Yof da Wakam ma, ruwan nan gonarsu ce kafin ya zama filin wasa. In ka iso ka yi sallama, ka zauna a gefe ka bar igiyoyi biyu uku su wuce, wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa ita tasa ce kar ka faɗo masa a gaba, a kan dutse wannan ba rashin ladabi kaɗai ba ne kana iya jefa mutum kan Mami. In ka yi haka kwana biyu za ka ji wani ya kira ka ya ce tafi wannan taka ce, kuma shi zai nuna maka ramin da ake bi a fita.

TAMBAYA: Ɗana, ni uwa ce daga Maraɗi. Yarona yana karatu a jami'a a Dakar, ya turo mini bidiyo yana wannan abin a cikin teku tun ranar ban yi barcin kirki ba. Mu dai mun san ruwa yana da masu shi. Shin in hana shi ne ko yaya, kuma wannan ba wasan Nasara ba ne?

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya kwantar miki da hankali ya raya shi. Tsoronki a kan hanya yake, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 300,000 ne ruwa ke ci a shekara, kuma yara da matasa sun fi yawa a ciki. Amma in kika ce masa kar ya sake, ke kina Maraɗi shi yana Dakar, abin da nake jin tsoro shi ne ya ci gaba a ɓoye, ya daina zuwa inda idon mutane yake ya koma shiga shi kaɗai, wannan kuwa shi ne mafi haɗari. Gara ki kira shi ki yi masa tambaya uku. A ina yake shiga, kan yashi ko kan dutse? Da wa yake shiga? Wa ya koya masa? In ya ce Yof ne a makarantar koyo da malami a gefensa to ki sa masa albarka, in ya ce Ngor ko Wakam alhali bai shekara da farawa ba ki ce ke kin hana har sai malaminsa ya yarda, kuma ki sa ya yi miki alkawarin ba zai taɓa shiga shi kaɗai ba, ba zai shiga da magariba ba. Ki koya masa addu'a ya riƙa yi kafin ya taka ruwa, mutanen wajen ma Musulmi ne masu riƙo, za ki ga saurayi ya jingine allo ya yi alwala ya bi jam'i. A ɗaure raƙumi kuma a yi tawakkali.

Batun wasan Nasara, gaskiya allon zamani daga Hawai da Kalifoniya ya yaɗu, kuma sunan Ngor ya fita duniya ne ta wani fim na Amurkawa mai suna The Endless Summer da ya fito a 1966, inda samari biyu suka hau igiya a Sanagal da Ghana da Najeriya. Amma masana tarihi sun samu rubutun matafiyan Turawa na ɗaruruwan shekaru da ke ba da labarin yaran gabar Ghana ta yau suna kwanciya kan guntun katako igiya na kawo su gaɓa, tun kafin wani ya zo ya koya musu. Duk inda masunta suke yaransu suna wasa da ruwa, ko a Argungu ai kin ga yadda ake hawa gora a bi kogi. Yanzu kuma 'ya'yan Ngor ɗin ne da kansu suke riƙe da abin, irin su Cherif Fall da ya wakilci ƙasarsa a gasannin duniya, a 2019 ma hukumar gasar ƙwararru ta duniya ta kawo gasarta Dakar, wasan kuma ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo da aka yi a 2021.

TAMBAYA: Malam mata suna yi kuwa? Ni ɗaliba ce a Damagaram, kallo kawai nake a waya amma abin yana burge ni.

AMSA: Suna yi ƙanwata. Khadjou Sambe 'yar Lebu ce daga Ngor, ita ce mace ta farko a Sanagal da ta zama ƙwararriya a wasan, ta sha fama da 'yan gida kafin su yarda, yanzu tana koya wa 'yan mata a unguwarsu. Rigar robar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, wasu suna ɗora doguwar riga a kai su ɗaura ɗankwali na roba. Ke dai fara da koyon iyo a wurin da yake da mai tsaro, ko ba ki taɓa ganin teku ba zai yi miki amfani ranar ambaliya.

TAMBAYA: Oga na taka wannan abin mai ƙaya a Almadi kwana huɗu kenan, ƙayoyi sun fi ashirin a dugadugina sun karye a ciki, wani ya ce in yi fitsari a kai wani ya ce in daddake da dutse. Ina sayar da agogo a Sandaga tsayuwa ma ta gagare ni.

AMSA: Sannu ɗan'uwa, na san zafin nan, ni ma na taɓa kwasar su a tafin ƙafar hagu ranar da na yi gaggawar fita ban jira igiya ta ɗaga ni ta ɗora kan dutse ba, wata tsohuwa a Ngor ce ta zaunar da ni a kan turmi ta jiƙa ƙafar a ruwan zafi ta yi awa guda tana tsince su ɗaya bayan ɗaya da allura. Kar ka yi fitsarin kuma kar ka daddake, ƙayar bushiyar teku kamar alli take, dakawa farfasa ta zai yi ta ƙara nutsewa. Ka samu ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba mai ƙuna ba, ka tsoma ƙafar minti 30 zuwa awa ɗaya, zafin zai ragu fatar ta yi laushi, sannan a sa hantsaki mai tsabta a jawo waɗanda kansu ke waje a miƙe ba tare da an murɗa ba, a wanke da sabulu. Jiƙawa a ruwan kal yana taimakawa wajen narkar da ƙananan da ke kusa da fata, wasu kuma jiki zai turo su da kansa cikin makonni. Baƙin ɗigon da kake gani ba lallai ƙaya ce ba, wani lokacin launinta ne ya rina wurin, kar ka yi ta haƙar naman ka a banza.

Amma kai kwana huɗu ka yi kuma ka ce ba ka iya tsayuwa, don haka ni asibiti nake so ka je yau ba gobe ba, musamman in wurin ya kumbura ya yi ja yana zafi, ko yana ruwa, ko kana jin zazzaɓi, ko wata ta shiga kusa da gaɓar yatsa, irin wannan sai likita ya cire kuma wataƙila ya rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka gaya musu rabonka da allurar tetanus, in kana da ciwon suga ka faɗa tun a bakin ƙofa. Kar ka koma ruwa sai ya warke sarai, balle in damina ce da kwatocin gari ke zuba a teku. Ka sa yaron shago ya riƙe maka teburin kwana biyu, in ka samu sauƙi ka rubuto mini in ji yadda aka yi.